Kwana Uku a Kano, Tsakanin Fada da Fasto

Yayata ba mai yawan kiran waya ba ce. In ta kira da asuba, to ko rasuwa ce ko abin da ya yi kusa da ita. Shi ya sa da na ga kiranta wata Alhamis a watan Janairu, ko ido ban wanke ba, gabana ya faɗi.

"Auta, gobe ka zo Kano. 'Yarka ta kawo miji, ɗan Katolika ne."

Ta kashe wayar. Na haura hamsin, furfura ta cika mini gemu, amma a bakin Yaya har gobe Auta nake.

Mu mutanen Wusasa ne, Angilikan tun kakanni. Yaya ta auri ɗan cocin ECWA ta bi shi Kano, kuma kafin a karɓe ta cikakkiyar mamba sai da aka nutsar da ita a ruwa, alhali an yi mata baftisma tana jaririya a hannun mahaifiyarmu. Babanmu bai je ba. Har ya rasu yana tambaya, shi da kansa, wai wanda aka yi mata a Wusasa wankan jego ne? Yanzu mijin Yaya ya rasu, 'yarta ta fari za ta yi abin da uwar ta yi, ni kuwa don ina koyar da darasin addinin Kirista a sakandare, an ɗauka akwai amsar komai a aljihuna.

Ranar Juma'a na shiga mota a Kwangila. Hazo ya rufe gari, sanyi yana shiga ta ƙofar da ba ta rufuwa sosai. Muka wuce Tashar Yari, muka sha shayi a Kwanar Ɗangora, daga Kadawa zuwa Kura ido ba ya ganin komai sai fadamun noman rani da kwandunan tumatir a bakin titi. Ban yi barci ba. Ina ta juya abin da zan ce wa Yaya, ban samo ba har muka shiga Na'ibawa.

A Unguwa Uku na tari ɗan adaidaita, wani saurayi mai fara'a da carbi rataye a madubi. Da na ce Sabon Gari, ya dube ni ta madubin, ya ji Hausata, ya dubi hulata, sai ya ce, "Baba, kaya za ka saro?" Na ce a'a, wurin 'yar'uwata zan je, maganar aure ce ta haɗa coci biyu. Ya ce, "Coci biyu? Ba duk ɗaya ba ne?" Na ɗan yi masa bayani sama-sama. Yaron nan ya yi dariya har ya kusa gogar wata mota. "Ashe ku ma kuna da naku 'yan Izala da 'yan ɗariƙa! Wallahi na ɗauka mu kaɗai ne." Na ce masa ai namu sun fi naku yawa, in na fara lissafi sai mun kai Bata ban gama ba. Ya rage mini naira ɗari, wai don na ba shi labarin da zai kai majalisa.

Duk lokacin da na shigo garin nan sai na tuna 1900, shekarar da Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu 'yan mishan suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya ƙare a Zariya, daga can aka samu Wusasa, daga Wusasa aka samu mu. Kiristanci ya zauna a Kano ne ta wata ƙofar, ta hannun ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa da suka cika Sabon Gari. Kowa kuwa da cocin garinsu ya zo a ka, kamar yadda ake zuwa da tukunyar miya. Ka bi France Road ka karya cikin layuka, ka ƙirga alluna: Angilikan, Katolika, Baftis, Metodis, ECWA, masu fararen riguna, sai na Fentikos da ba su ƙirguwa, wani a bene wani a ƙasansa, kowa da lasifikarsa. A layi guda na ƙirga bakwai, na bari.

Yaya ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar taushe, ba ta ce komai ba sai da na wanke hannu. Sannan ta zazzage. Yaron ba shi da aibu, ma'aikacin jinya ne, iyayensa mutanen kirki ne daga kudancin Kaduna, Hausa suke sujada da ita kamar mu. Amma an gaya mata za a sake yi wa 'yarta baftisma, za a sa ta rantse ta ba da 'ya'yanta, za ta koma durƙusa wa gumaka. Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki?" Ta ce, "Kowa ya sani." Na ce to gobe mu je mu ji daga bakin mai ita. Ta ce ita ƙafarta ba za ta taka gidan Fada, limamin Katolika, ba, in je ni da 'yata.

Da safe muka je. Fadan matashi ne, bai fi arba'in ba, yana sanye da rigar sanyi a kan doguwar rigarsa. Yarinya ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta tashi ta zauna a kujera. Ban yi kwana-kwana ba, na jero masa abubuwan Yaya guda uku. Ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin tambayar.

Ya ce baftisma dai ba za a sake ba. Muddin da ruwa aka yi, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Katolika ta karɓa, takardar shaida kawai yake so ya gani. Maganar 'ya'ya kuwa, ango ne zai yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi musu baftisma a rene su cikin Katolika. Amarya za a sanar da ita, ba za a sa ta rantsuwa ba, kuma tun 1970 zamanin Paparoma Paul na shida dokar take haka. Ba dole ta bar cocinta ba. Na ga kafaɗun 'yata sun sauka.

Daga nan hira ta ɓalle tsakanina da shi, har yarinyar ta fara duba waya. Ya ce in da a zamanin kakansa na zo, da amsar ta bambanta. Abin da ya juya al'amarin shi ne babban taron Vatikan na biyu, wanda Paparoma John na 23 ya buɗe a 1962 aka rufe a 1965. A 1964 taron ya fitar da takarda kan haɗin kan Kirista, inda Katolika ta amince cewa waɗanda aka yi wa baftisma a sauran ikilisiyoyi 'yan'uwa ne cikin Ubangiji, kuma laifin rabuwar yana kan ɓangarorin biyu. A ƙarshen 1965 Paparoma da Babban Limamin Otodoks Athenagoras suka janye tsinuwar da magabatansu suka yi wa juna tun 1054. Shekara ɗari tara da sha ɗaya ana gaba, aka kashe ta da takarda guda. Na ce masa nakan koya wa ɗalibaina yarjejeniyar Augsburg ta ranar 31 ga Oktoba 1999, wadda Katolika da Lutheran suka sa wa hannu kan barata, wato yadda mai zunubi ke samun karɓuwa a gaban Allah: ta wurin alheri ne, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantar mutum ba, ayyuka nagari kuwa 'ya'yan wannan alherin ne. Kan wannan batu Martin Luther ya tsaya a ƙarni na 16, Turai ta yi ta zubar da jini. Ya ce haka ne, Metodis ma sun shiga yarjejeniyar a 2006. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, a cikin mutanen da za su cika cocin nan gobe, nawa kake jin sun taɓa jin sunan Augsburg?"

Na tambaye shi abin da ya rage. Ranar ɗaurin aure, uwar amarya za ta karɓi jibin Ubangiji? Murmushin ya ragu. Ya ce a'a. A wurinsu gurasar da ruwan inabin jikin Almasihu ne da jininsa na haƙiƙa, kuma cin jibi tare alama ce ta cewa an riga an zama ɗaya, ba a nuna alamar abin da bai tabbata ba. Ya ba da shawarar a ɗaura auren ba tare da Mas ba, wato sujadarsu mai jibi, don kada rabin coci ya tashi rabi ya zauna. Ya ƙara da cewa mun zo a kan gaɓa, makon addu'a ne domin haɗin kan Kirista, wanda ake yi daga 18 zuwa 25 ga Janairu kowace shekara. Na ji kunya, don ni mai koyar da abin na manta.

Da la'asar Yaya ta raka ni wurin fastonsu. Dattijo ne, mai magana a hankali, Littafinsa duk ya sha jan biro. Na kawo masa abin da Fada ya ce ina tsammanin zai yi murna. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Sun karɓi baftismarmu, mun gode. Amma in yaron ne zai zo wurinmu, sai ya shiga ruwa." A koyarwarsu baftisma shaidar wanda ya ba da gaskiya ce da bakinsa, jariri kuwa bai san damansa da hagunsa ba, miƙa shi ake yi ga Ubangiji a jira ya girma. Na ce, "Baba Fasto, ai takardar Lima ta 1982 ta roƙi ikilisiyoyi su guji duk abin da zai yi kama da sake baftisma." Ya ce, "Su waye suka rubuta?" Na ce kwamitin tauhidi na Majalisar Ikilisiyoyin Duniya, wadda aka kafa a Amsterdam a 1948 da ikilisiyoyi 147. Ya ce, "Mu ba ma ciki. Kuma mu a wurinmu ba sakewa ba ce, ta farko ce." Na saci kallon Yaya. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyalenta.

Sai ya kawo sunan da na san zai kawo, Byang Kato. Duk wanda ya yi makarantar tauhidi ta ECWA ya san shi: ɗan Kwoi, an haife shi a 1936, ya riƙe babban sakataren ECWA, daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a ruwa a gaɓar Mombasa a Disambar 1975 bai cika arba'in ba. Kato ya yi jayayya da manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, waɗanda suke ganin addinan gargajiya sun share wa bishara hanya. Tsoronsa shi ne kada garin neman a haɗa kowa a inuwa guda a wayi gari an ce duk hanyoyi ɗaya ne, a rasa dalilin gicciye. Fasto ya ce haɗin kan da aka saya da gaskiya ya yi tsada. Ba za su hana yarinya aure ba, za su yi mata addu'a, amma shi ba zai tsaya a bagadi tare da Fada ba.

Na fito raina a jagule. A hanya na so in ce dattijon ya cika tauri, amma da na auna sai na ga bai fi Fada tauri ba. Ɗaya ya buɗe ƙofar ruwa ya rufe ta teburin jibi, ɗayan teburinsa ya fi sauƙin zama amma ruwansa sai ka sake shiga. Kowannensu yana tsare abin da ya gaskata amana ce aka ba shi. Mu Angilikan da muke taƙama muna tsakiya, mu ma ba mu tsira ba. A Disambar 1965 an shirya tsaf za a haɗe Angilikan da Metodis da Firesbiteriyan su zama ikilisiya guda a Najeriya, kamar yadda aka yi a kudancin Indiya a 1947. Ana saura kwanaki wasu majami'un Metodis na Legas suka kai ƙara kotu, aka ɗage, wata guda bayan haka soja suka yi juyin mulki, maganar ba ta sake tashi ba. Tauhidi an daidaita shi a takarda. Kadarori da kujeru ne suka ƙi daidaituwa.

Da magariba na bar Yaya na fita neman gurasa da tsire, don ba na zuwa Kano in koma ban ci ba. A wurin mai naman na haɗu da maƙwabcinsu, wani tsoho da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ɗan Baftis, ya fi shekara hamsin a garin. Yaya ta riga ta ba shi labari, ai a unguwar ba a ɓoye komai. Ya ce, "Ɗana, ku malamai kuna wahalar da kanku." Ya ce shi ya ga Oktoban 1991, lokacin tarzomar zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, ya ga bam ɗin tashar New Road a Maris 2013. A ranakun nan babu wanda ya tambayi wani ko nutsarwa aka yi masa ko yayyafi. Wanda ya ɓoye shi da iyalinsa a 1991 ma wani Alhaji ne abokin aikinsa, wannan kuma ya ce in rubuta shi in zan rubuta. Ya ce ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, da aka kafa a 1976 ta tara Katolika da 'yan Majalisar Kirista ta Najeriya da Fentikos da masu fararen riguna sai TEKAN da ECWA a haɗe, rukuni biyar ke nan, takenta kuma addu'ar Yesu ce a Yohanna 17:21, cewa dukansu su zama ɗaya. "Amma ka lura," in ji shi, "sai an taɓa mu muke tunawa da ayar. In gari ya yi lafiya, kowa ya koma satar tumakin ɗan'uwansa."

Maganar ta tsaya mini. Paparoma Francis ya sha faɗin irinta, cewa masu kashe Kirista ba sa tambayar ɗariƙa, jini ya riga malaman tauhidi haɗa mu. Gaskiya ce, amma ni ba ta kwantar mini da hankali. Haɗin kan da tsoro ya ɗaura, ranar da tsoron ya tafi igiyar za ta kwance. Na fi ganin ƙarfin wani abin da tsohon ya ambata a wuce, bai ma ɗauke shi da muhimmanci ba: Hausa. Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke a 1932, 'yan mishan na ƙungiyoyi dabam-dabam ne suka zauna da malaman Hausa suka yi aikinsa. Sunan TEKAN kansa Hausa ne, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, haka HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiya, wadda ta tara 'yan coci-coci da aiki ya kawo birni. Bajju da Ngas da Bura da Bahaushen Wusasa, in suka buɗe littafin waƙoƙi, lamba ɗaya suke nema.

Ranar Lahadi na bi 'yata da saurayinta Mas ɗin Hausa. Rabona da shiga cocin Katolika tun wata jana'iza. Na zauna a baya ina lura kamar mai duba jarrabawa. Aka yi karatu uku, biyu daga ciki na san su da ka. Da aka tashi faɗar shaidar bangaskiya sai na ji bakina yana tafiya tare da nasu, kalma ta ɗan bambanta nan da can amma abin ɗaya ne, wanda aka soma tsarawa a Nikiya a shekara ta 325, tun babu Katolika da Furotesta. Mata suka kaɗa tulu da kacau-kacau, sak irin na zumuntar matan Wusasa. Har na saki jiki.

Sai aka zo jibi. Layi ya miƙe, saurayin ya tashi, ni da 'yata muka janye gwiwoyinmu mutane suna wucewa ta gabanmu. Minti goma ne ko ƙasa da haka, amma na ji tsawonsu. Ban ji haushin kowa ba, Fada ya riga ya gaya mini dalili kuma na fahimta. Fahimtar ba ta hana abin zafi ba. Yarinyar ta matso ta ce a hankali, "Kawu, haka zan riƙa zama kowace Lahadi?" Na buɗe baki, duk shekarun da sunayen garuruwan da na jero jiya suna kaina, babu wanda ya dace da tambayar. Na ce mata, "Wata Lahadin shi ma zai bi ki naku, ya ji yadda ake ji." Ban tabbata amsa ce ba.

Da yamma uwar saurayin ta zo gaisuwa da mata biyu. Na shirya raba gardama. Suka gaisa a tsaitsaye, aka kawo kunun gyaɗa, aka yi shiru. Can baƙuwar ta hango zanen zumunta na Yaya a kan igiya, ta ce ita ma shugabar zumuntar mata ce a cocinsu. Yaya ta ce ita ma'aji ce. Shi ke nan. Kafin a jima sun gano sun taɓa kwana a asibiti ɗaya suna jinyar wata mata da ba cocin ɗayansu take zuwa ba, sun gano waƙar da ake yi wa amarya iri ɗaya ce, amshi ne kawai kowa da nasa. Suka rera, kowace tana gyara wa 'yar'uwarta. Yaya ta ce, "Maman yara, gumakan nan fa?" Matar ta yi dariya ta ce, "Hoton mijinki da ke bangon nan, bauta masa kike yi?" Yaya ta ce ba ɗaya ba ne. Matar ta ce to a bar shi sai an zauna. Ba su daidaita ba, amma suka wuce zuwa maganar anko, a nan ne ma muryoyi suka fi tashi.

Da dare, bayan kowa ya kwanta, Yaya ta same ni a tsakar gida. Ta ce, "Auta, Baba ya yi fushi da ni sosai ko?" Shekara talatin ba ta taɓa tambaya ba. Na ce ya ji ciwo, amma duk Kirsimeti shi ke fara tambaya ko an aika mata da kaza. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce za ta shiga cocin ranar auren, za ta zauna a gaba, amma kada wanda ya ce ta durƙusa. Maganar baftismar jikoki kuwa, ta ce a bari su zo tukuna.

An sa rana bayan Ista. Litinin da sassafe ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka a jaka, ta rako ni bakin titi cikin hazo tana ta jaddada cewa kuɗin ankon matata dubu goma sha biyu ne, in turo kafin ƙarshen wata. Na tari adaidaita zuwa Unguwa Uku. Motar Zariya saura mutum biyu ta cika, na samu kujerar kusa da taga, wadda gilashinta ba ya rufuwa.